Tunatar da 'Yan'uwa da Labarin Malam Abdullahi na Gwandu a kan Ma'anar Adalci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka sama, Ya kafa ma'auni, Ya haramta zalunci a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ni bawa mai rauni, mabuƙaci zuwa ga rahamar Ubangijinsa, wanda ya tsufa yana wanke alluna a ƙasar Gwarzo, ina gai da 'yan'uwana muridai na zawiyoyin Gwarzo da Getso da Kutama, da na Kabo da Garo da Gammo da Godiya, da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa. Allah Ya haɗa mu a kan shiriya.

Ku sani, ya 'yan'uwa, sababin wannan rubutu abu biyu ne da suka auku a cikinmu a kakar bana. Shanun wasu makiyaya suka shiga gonar wani ɗan'uwanmu suka ci masa dawa, sai jama'a suka taso suna kiran adalci, har wasu suna nufin a tashi rugar gaba ɗaya, alhali kuwa garke ɗaya ne ya yi ɓarnar. Ba a yi wata guda ba aka kama wani ɗan'uwanmu a kasuwa da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa, sai bakunan nan da suka kira adalci suka koma kiran rufin asiri, domin shi namu ne, muna zaman wazifa da shi. Na yi nufin in yi muku faɗa, sai na ga tsohon da haƙoransa suka zube ba ya tsorata kowa. Saboda haka na zaɓi in ba ku labarin wani bawan Allah wanda mudunsa ɗaya ne tun ƙuruciya har kabari, shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Mujaddadi, Allah Ya ƙara musu yarda.

Fasali a kan asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 ta hijira, wadda ta yi daidai da 1766, bayan wansa Shehu Usmanu da shekara goma sha biyu. Mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu Hauwa, danginsu Toronkawa, gidan karatu kaka da kakanni. Ya karanta Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, da ya kai shekara goma sha uku aka miƙa shi ga Shehu, ya zamo ƙani kuma almajiri. Ya ɗauki ilmi a wajen kawunnansa da baffanninsa, da wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma shi da kansa ya jera sunayen malamansa a littafin da ya kira Ida'un Nusuki, domin kada alherin kowa ya ɓace. Wannan ma adalci ne, mutum ya ambaci rijiyar da ya sha.

Ya yi zurfi a nahawu da sarfu da luga da fiƙihu da tafsiri, har ana yi masa laƙabi da Balaraben ƙasar Hausa saboda tsarkin Larabcinsa. Ɗariƙarsa Ƙadiriyya ce, irin ta wansa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Zamfara da Kabi shekaru masu yawa, suna karantar da maza da mata, Fulani da Hausawa da Buzaye, ba a tambayar kowa ɗan wane ne kafin a ba shi wurin zama.

Fasali a kan awon farko, awon sarakuna

A wajen shekara ta 1202, wato 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya fito da dukiya yana rabawa. Malam Abdullahi yana wurin tare da wansa. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amsa duka. Ku dubi biyun ƙarshe, ya 'yan'uwa. Wanda ke cikin mari da manomin da haraji ya karya ba almajiran Shehu ba ne dukansu, da yawansu ma ba su san shi ba. A wannan makaranta Malam Abdullahi ya koyi cewa malami ba ya roƙa wa jama'arsa kaɗai.

Bayan Bawa al'amari ya yi tsanani. Sarki Nafata ya hana wa'azi ga kowa sai Shehu, ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya aika da yaƙi Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka kamo Musulmi aka biyo da su ta kusa da Degel a ɗaure, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan sai hijira zuwa Gudu a watan Zulƙida na 1218, farkon shekara ta 1804. A can jama'a suka yi wa Shehu mubaya'a, Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ne kuma ya ja runduna ranar Tafkin Kwatto a cikin shekarar, aka kore mayaƙan Gobir, kuma shi ya ja rundunar da ta buɗe Birnin Kabi a 1220, wato 1805.

Wannan awo, duk da wuyarsa, shi ne mafi sauƙi daga cikin ukun da zan ambata. Ganin zaluncin wanda ya zalunce ka ba ya buƙatar fitila. Ɗan yaye ma in an ƙwace masa ƙosai ya san an cuce shi.

Fasali a kan awo na biyu, awon jama'arsa

Da nasara ta fara zuwa, sai jama'a ta cika da waɗanda ba su zauna gaban allo a Degel ba. Da yawa daga mutanen farko, mahaddata da masu tsantseni, sun yi shahada a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804. A kan hanyar Alwasa a 1805 runduna ta washe wani gari wanda ke cikin amana da su, shugabanni suka hana ba a ji ba, sa'an nan aka karya Musulmi a Alwasa karya mai tsanani. Malam Abdullahi yana ganin wannan duka yana ajiyewa a zuciya.

Ya duba sai ya ga abubuwan da suka yi wa sarakunan Gobir wa'azi a kansu sun tsiro a cikin sansaninsu: neman muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, da cin ganima kafin a raba, da karɓar toshi a wurin shari'a, da kaɗe-kaɗe, har da kama 'ya'ya a kai su kasuwa a sayar da sunan bayi. Ya ba da labarin wannan da kansa a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1228, wato 1813, kuma bai fid da kansa daga zargi ba, ya lissafa kansa cikin waɗanda fitinar ta shafa.

To a shekara ta 1222, wato 1807, runduna ta fita za ta Alƙalawa. Ana cikin tafiya sai ya janye, shi da 'yan mutane kaɗan, ya fuskanci gabas, yana nufin Makka da Madina, ya bar wazirci da tuta da duk abin da takobinsa ya buɗe. Ku tsaya nan ku yi tunani. Mutum ne wanda babu na biyunsa a bayan Shehu, nasara tana gaba gare su, ga shi ya zaɓi ƙishirwar daji a kan ya zauna ana zalunci da sunan addini.

Allah Ya sa hanyarsa ta biyo Kano. Ku kuwa mutanen yamma kun san wannan labari bai yi nisa da ku ba, domin jama'ar Kano sun yi tasu hijirar ne a nan yammacin birni, a Kwazazzabon 'Yar Kwando, kuma Ƙaraye maƙwabciyarmu tana cikin manyan garuruwan da suka fara buɗewa. Sa'ad da ya iso, mulkin Sarki Alwali ya karye, jagoranci yana hannun Malam Sulaimanu, mutum mai sauƙin kai da gudun duniya. Amma Malam Abdullahi ya tarar da cutar da ya guda ta riga shi isowa. Ya gaya musu haka a fili. Mutanen Kano, Allah Ya saka musu da alheri, ba su yi fushi ba, suka tsare shi suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su riƙa hukunci da shi.

Sai ya zauna ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, ma'anarsa hasken mahukunta, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ruwaito cewa sun tuba sun gyara, suka farfasa kayan wasa, har kwamin ganguna aka mayar da su akussan harawar dawaki. A cikin littafin ya yi bayanin hijira, da naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, da naɗa wakilai da alƙalai, da jihadi, da siyasar da shari'a ta yarda da ita. Ya rarrabe halifanci da mulki: halifa ana zaɓensa don cancanta, yana ɗaukar kansa amintacce a kan dukiyar jama'a, mai mulki kuwa yana riƙon ƙasa kamar gonar gado. Ya dogara ƙwarai da maganganun Shehu Magili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa irin wannan nasiha fiye da shekara ɗari uku kafin nan. Ashe birnin nan sau biyu baƙon malami yana rubuta masa mudun adalci.

Daga nan ya haƙura da tafiya gabas, ya koma ga wansa. Alƙalawa ta faɗi a 1223, wato 1808. Amma bai sauke mudunsa ba. Ya ci gaba da ƙin sunayen sarauta irin na da, da kiɗa, da sa alharini da zinariya, har Shehu ya yi rubutu yana kawo sauƙi a wasu daga cikin mas'alolin nan, a littattafai irin su Najmul Ikhwani. Wa da ƙani suka saɓa a kan takarda, kowa da hujjarsa, babu wanda ya zagi wani, babu wanda ya raba masallaci. Ku riƙe wannan, ku da kuke ƙaurace wa juna saboda saki da ƙabalu.

Fasali a kan awo na uku, awon kansa

A 1227, wato 1812, Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa. Da Shehu ya yi wafati a Sakkwato a 1232, wato 1817, Malam Abdullahi ba ya cikin gari. Kafin ya iso an yi wa Bello mubaya'a, kuma masu tarihi sun ruwaito ya tarar an rufe masa ƙofar birni. Ya juya ya koma yamma da ciwo a zuciya. Shi ne waziri, shi ne ya fi kowa ilmi, shi ne ya rubuta cewa shugabanci ba gado ba ne, ga shi ɗa ya hau bayan uba ba a ko shawarce shi ba. Bai ja runduna ba, bai tsine wa kowa ba, amma ya yi shekaru bai miƙa hannu ba. Ban ɓoye muku wannan ba, domin bayin Allah ma mutane ne, suna jin zafi.

Sa'an nan fitina ta tashi. Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka fara rikici da Gobir, ya saɓa da Bello, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818. Sauran jama'arsa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka fi ƙarfin Malam Abdullahi. Wannan ma wa'azi ne mai ɗaci, jama'ar da ta taru a kan kalma ɗaya ta wayi gari tana zare wa juna takobi a kan rabo da matsayi. Da Bello ya ji halin da baffansa ke ciki, sai ya taso da kansa ya kawo gudummawa, aka buɗe garin a wajen 1820.

Da yaƙi ya ƙare suka haɗu a kan dawaki. An ruwaito Bello ya yi niyyar sauka domin girman baffa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gai da ɗan wansa da sunan Sarkin Musulmi. Dattijo mai furfura, malamin malamai, ya auna kansa ya ga haɗin kan Musulmi ya fi haƙƙin da yake gani nasa ne nauyi, ya ba da cikakken mudu. Wannan shi ne awon da yake kayar da maza, domin a nan mai ƙara da wanda ake ƙara da alƙali duk mutum ɗaya ne.

Bayan haka ya bar yawancin al'amuran mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya duƙufa ga alƙalami da almajirai. Daga cikin abin da ya bari akwai Liya'ut Tawili, tafsiri mai girma wanda ya gama a 1231, aka buga shi a Masar a 1961, da Kifayatu Lu'afa'is Sudani, wanda ya taƙaita domin masu raunin karatu, kada ilmi ya zama na manya kaɗai. Akwai Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu, da littattafai a kan zuhudu da gyaran zuciya. Ya yi wafati a 1245, wato 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah Ya haskaka makwancinsa.

Fasali a kan abin da muridi zai ɗauka

Ku sani, malamai sun ce adalci shi ne ajiye kowane abu a muhallinsa da bai wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Abin da rayuwar Malam Abdullahi ta ƙara mana shi ne, adalci ba ya tabbata sai mudun ya zama ɗaya: wanda ka auna maƙiyinka da shi, da shi za ka auna ɗan zawiyarku, da shi za ka auna kanka. Mai tiya biyu a kasuwa da mai tiya biyu a zuciya 'yan gida ɗaya ne.

Amma daidaito, ma'anarsa ba a ce kowa ya sami dami daidai da na ɗan'uwansa ba, domin Allah Ya fifita sashe a kan sashe a arziki don jarrabawa, Ya kuma ɗora wa mai yawa zakka da ciyarwa. Daidaito yana cikin jini da mutunci da tsayuwa gaban hukunci. Littattafan fiƙihunmu sun wajabta wa alƙali ya daidaita masu husuma a wurin zama, da kallo, da sauraro, ko ɗaya hakimi ne ɗaya ɗan ƙodago. Jinin Bafillace bai fi na Bahaushe ba, na Bahaushe bai fi na Bamaguje maƙwabcinku ba a wajen amana da alkawari. Kuna ganin wannan sau biyar kullum a sahu, kuna ganinsa a da'irar zikiri inda babu kujera, za ku kuma gan shi a likkafani.

Ba na faɗa muku wannan don na tsira. Shekaru da suka wuce an kawo mini rabon gado in sasanta, tsakanin wata marainiya da baffanta, shi kuwa baffan shi ne ya rufa mini zauren makaranta da kwano. Na san gonar fadamar tana da rabo a ciki, sai na ce a yi haƙuri, a bari bayan kaka. Kaka uku ta wuce ina cewa a bari. Sai da na kai ga wannan wuri na tarihin Malam Abdullahi ina karantar da wasu almajirai, na ji kamar kwanon nan yana ɗiga mini wuta a ka. Na tafi na faɗi gaskiya, aka ba ta rabonta, mutumin ya daina gaishe ni har ya rasu. Amfanin shekara uku da ta rasa kuwa yana wuyana, na nemi afuwarta ta yafe, ina roƙon Allah Ya yafe.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da abu huɗu. Na farko, a ƙiyasta ɓarnar dawar nan da shaidu adilai, mai garken da ya yi ta ya biya, a bar sauran rugar lafiya, kuma ku ma wanda ya nome burtali a cikinku ya mayar da shi. Na biyu, a je ga mai tiya biyu a keɓe, a yi masa nasiha, ya fasa ƙaramar, ya mayar wa waɗanda ya sani abin da ya tauye, wanda bai sani ba ya yi sadaka a madadinsa. Rufin asiri shi ne kada a tozarta shi a bainar jama'a, haƙƙin mutane kuwa babu mai ikon rufe shi. Na uku, ku fid da rabon mata da marayu daga gonakin gado tun kafin shukar baɗi. Na huɗu, idan muƙaddami ya rasu, kada 'ya'yansa da almajiransa su mayar da buzunsa abin ja-in-ja. A gabatar da wanda ya fi sani da tsoron Allah, wanda aka tsallake kuwa ya tuna da dattijon Kalambaina.

Ku sani wuridi ba ya tashi sama da ƙwayar zalunci a rataye da shi. Kowane dare kafin ku ɗauki carbi ku tambayi kanku, yau wa na auna wa da ƙaramar tiya, ko da matata ce, ko ɗan kishiyarta, ko yaron da ya yi mini ƙodago na ce ya dawo gobe. Wanda ya saba wannan hisabi a duniya, ana fatan a sauƙaƙa masa na lahira.

Ya Allah Ka yi rahama ga Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da malamanmu da iyayenmu. Ka ba shugabanninmu ikon adalci, Ka ba mu ikon yi wa kanmu. Ka zaunar da ƙasar Gwarzo da Kabo da Kano da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Wanda ya karanta ya ga kuskure ya gyara, ya kuma sa tsohon da ya rubuta a cikin addu'a.

 Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.